Wane misali zan kawo a insha'in WAEC?

Assalamu alaikum Malama,

Ni ɗiyarki ce daga Pantami a nan Gombe. Na gama sakandare bara, duk darussan da nake nema sun fito, in ban da Turanci da na samu D7. Burina in karanci aikin jinya, kuma kin san in ba kiredit a Turanci ba maganar shiga. Hammana, wato yayana, ya biya mini kuɗin sake zama WAEC, ya kuma sa ni a lesin.

Matsalata insha'i ce. Malamin lesin ya ba mu takarda cike da misalai, su Mandela da Bill Gates da ƙasar Singafo da maganganun manyan Turawa, ya ce mu haddace, duk tambayar da ta zo mu saka. Na haddace, amma in na zauna rubutu sai in ga sun ƙi shiga. A gwajin da muka yi an ce mu rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa kan ƙarancin ruwa a unguwarmu, na saka Singafo, ni kaina da na karanta ban ga haɗinsu ba. Ƙawata kuma ta ce in riƙa ƙirƙiro alƙaluma, in ce bincike ya nuna kashi kaza, wai ba mai bincikawa. Ni kuwa kunya nake ji in rubuta abubuwan unguwarmu, gani nake mai duba takarda zai raina ni. Akwai kuma labarin Addata, wato yayata, da aka cire daga makaranta, yana yawan faɗo mini in an yi tambaya kan ilimin mata, amma ban sani ba ko ya dace in fitar da maganar gida. Hamma ya ce in bi abin da malami ya ce, tunda shi ya sani. Malama, wane irin misali ake so?

Ɗiyarki daga Pantami

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya saka wa Hammanki da alheri, Ya sa wannan zaman shi ne na ƙarshe.

Abin da ranki ya faɗa miki ranar gwajin nan shi ne daidai. Kin karanta abin da kika rubuta, kin ga Singafo ba ta da ta cewa a kan ruwan Pantami. Mai duba takarda ma abin da zai gani ke nan, ga kuma jan biro a hannunsa. Ɗalibai da yawa ba sa ma lura misalinsu ya kauce hanya. Ke kin lura, don haka kada ki danne wannan jin saboda an ce ki haddace.

Bari in fara nuna miki yadda ake rabon makin, domin duk shawarar da zan ba ki daga nan ta taso. A takarda ta biyu ta Turancin WAEC ana kawo tambayoyin insha'i biyar, ki zaɓi ɗaya, ki rubuta abin da bai gaza kalma 450 ba, kuma ana ba da shawarar a kashe kamar minti 50 a kai. Makin insha'in 50 ne. Maki 10 na abin da kika faɗa ne, wato hujjojinki da yadda suka amsa tambayar. Maki 10 na tsari ne. Maki 20 na yadda kika sarrafa Turancin ne, zaɓen kalma da ginin jimla. Sauran 10 ɗin na tsabtar rubutu ne: a cike ake ba ki su, sannan a riƙa zaftare rabin maki a kan kowane kuskure na nahawu, ko na harafi, ko na aya da waƙafi. Kuskure 20 sun cinye su tas.

Ki sake duba rabon nan. Ba inda aka ware ko rabin maki don girman sunan da kika ambata. Maki 30 cikin 50 a kan Turancinki suke. Ga kuma abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba: kowane misali da nasa Turancin yake zuwa. Kina ɗauko Singafo kin ɗauko wa kanki kalmomin tattalin arziki da na tace ruwan teku, da sunayen da ba ki saba rubutawa ba, da shekarun da ba ki tabbatar ba, da dogayen jimlolin da wani ya gina. Kalma ɗaya ta kuɓuce miki a ɗakin jarrabawa, duk jimlar ta rushe, kuma ba ki da yadda za ki tashe ta, tunda ba ke kika gina ta ba. In kuwa layin jarkoki a bakin burtsatse kika ɗauko, kalmomin da kike bukata tun ƙaramar sakandare kin san su: ruwa, layi, asuba, makara, kuɗi, ciwo. Jimlolin za su fito gajeru, naki na kanki, in ɗaya ta karkace ki miƙe ta. Wanda ya daɗe yana duba takardu kuma yana gane inda Turancin ɗalibi ya tsaya, na hadda ya fara, domin saƙar ba ta zama ɗaya. Daga nan ya daina yarda da takardar.

Ki ɗauki misali a matsayin mai ba da shaida a gaban alƙali. Kin yi da'awa, an ce kawo shaida. Alƙali ba ya tambayar ko mutumin nan attajiri ne ko sananne ne. Abin da yake son ji shi ne, kana wurin? Me ka gani? Abin da ka gani ya shafi wannan ƙarar? Takardar da aka ba ku ta tara manyan mutane ne da ba sa wurin sa'ad da abin ya faru. Babban aibinta kuwa shi ne ta sa misali ya riga tambaya isowa. Ɗaliba ta shiga ɗaki da Singafo a ka, sai ta fara lanƙwasa tambayar don ta samar mata wurin zama. Daidai shi ne ki karanta tambaya, ki tsayar da abin da kike so a yarda da shi a jimla ɗaya, sannan ki waiwaya ki ga wa zai tsaya miki.

Mu gwada da wasiƙar ruwan. Me kike so shugaban ƙaramar hukuma ya yarda da shi? Cewa rashin ruwa yana cutar da mutanen unguwa, kuma akwai abin da zai iya yi a kai. To, cuta ta wace fuska? In a layinku 'yan mata ke fita ɗiban ruwa bayan sallar asuba, su isa makaranta an riga an ja ƙofa ko an ci rabin darasin farko, wannan misali ne, kuma ya fi duk abin da ke cikin takardar haddar ƙarfi. In kin san kuɗin jarka ɗaya wurin mai kura da rani, kin kuma san jarka nawa gidanku ke sha a yini, kin samu lissafin da ba mai ƙaryatawa, domin daga aljihun gidanku ya fito. Ki ninka shi zuwa wata, ki ajiye wa mai karatu a gabansa. In kin ga yadda amai da gudawa ke kwantar da yara lokacin da aka koma shan ruwan da ba a san asalinsa ba, kin samu na uku, kuma ke mai son aikin jinya nan ne ya kamata alƙalaminki ya fi gudu.

Da kin zo kan mafita, akwai abin da kowane ɗan Gombe ya sani: madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kusan kilomita 40 daga gari, kuma daga can ake tace ruwan famfon da ake turo wa Gombe. Ambatonta yana da aiki, domin yana amsa tambayar da shugaban zai yi a ransa: daga ina ruwan zai fito? Sai ki roƙe shi ya kai kukan unguwarku ga gwamnatin jiha a ƙara bututu, shi kuma ya gyara burtsatsen da suka lalace kafin nan. Abin da ya rage wa Singafo a wasiƙar nan bai wuce nuna cewa wata ƙasa mai arziki ta magance matsalarta ba, kuma mutumin da kike rubuta wa ba shi da kuɗin Singafo.

Maganar raini ita ta fi taɓa ni a wasiƙarki. Yana yi mini ciwo yadda yaranmu ke tashi da tunanin cewa abin da suke rayuwa a cikinsa bai isa ya hau takarda ba, sai abin da ya faru a Amurka ko Ingila. Ki ɗauko tambayoyin shekarun baya ki duba da kanki, sau nawa ake cewa a unguwarku, a makarantarku, a garinku, a ƙasarku. Masu tsara tambayar da bakinsu suke neman abin da kika sani. Mai duba takarda kuma yana zaune ne da tulin takardu, ya ga Mandela da Bill Gates har ya gaji. In ya ci karo da yarinyar da ta bayyana masa kwazazzaban da ruwa ya zaizaye a tsakiyar garin Gombe, yadda suke ƙara faɗi duk damina suna matsowa gindin katangun mutane, da yadda sharar da ake zubawa a magudana ke toshe hanyar ruwa har ya nemi wata, zai san wannan takardar mai ido ce ta rubuta ta. Ba raini a nan.

Abin da za ki kiyaye kawai shi ne, mai yiwuwa bai taɓa taka Gombe ba. Ki ba shi rabin layi na bayani. Kada ki ce Dadin Kowa ki wuce, ki ce madatsar ruwan da ke gabas da garinmu. Kada ki ce masu kura kamar kowa ya san su, ki ce masu tura jarkokin ruwa a amalanke suna sayarwa gida-gida. Rabin layin nan ma ƙari ne ga adadin kalmominki, kuma Turancinsa mai sauƙi ne.

Ban ce duk abin da kika gani da ido ya zama hujja ba. Na gida ma yana iya kaucewa. Bayan kin rubuta misali, ki tambaye shi: to, sai me? In amsar ta dawo da ke kan jimlar da kika buɗe sakin layin da ita, ya zauna. In ta kai ki wani wuri, ki cire shi ko da yana burge ki. Ga gwaji. An ce ki rubuta maƙala kan shaye-shaye tsakanin matasa. Kin san cewa a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC ya fallasa yadda ake karkatar da shi zuwa hannun matasa. Gaskiya ce tabbatacciya. Amma in sakin layinki yana magana ne kan abin da ke jefa matasa cikin shaye-shaye, haramcin nan bai ce komai ba, domin bai bayyana dalilin da ya sa yaro ya fara sha ba. Abin da zai tsaya miki a nan shi ne majalisar samarin da suka gama makaranta ba aiki ba sana'a, da yadda ƙaramin cikinsu ke kwaikwayon babba don kada a ce masa yaro. Ki matsar da maganar kodin zuwa inda kike cewa doka ita kaɗai ba ta isa ba: an haramta, amma shaye-shayen bai ƙare ba, wasu sun koma kan wasu ƙwayoyin. Nan ta samu gurbinta. Misali ɗaya ne, a sakin layi na biyu ba shi da amfani, a na huɗu shi ne ƙashin bayan maganar.

Haka abin yake da manyan mutane, kuma ba na so ki ɗauka na haramta miki su. Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku, ya fito a 1990, ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994, bai bi hanyar ramuwa ba. In tambaya ta zo kan yafiya ko juriya, ki kira shi, wurinsa ne. Sai dai kusa da ke ma akwai waɗanda kika fi sani. A muhawarar nan da aka saba yi, ta malami da likita wa ya fi amfani, ki tuna Abubakar Tafawa Ɓalewa horon malanta ya samu a Katsina, ya koyar a makarantar midil ta Bauchi, kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Malam Aminu Kano ma ya koyar a wannan makaranta. Amma ki lura da abin da suke tabbatarwa. Suna nuna cewa daga cikin malaman makaranta ƙasar nan ta samu shugabanni a lokacin neman 'yanci. Ba sa nuna cewa malami ne ke samar da likita. In wannan ce hujjarki, malaminki na kimiyyar halittu da ɗalibansa da suka shiga asibiti aiki sun fi Tafawa Ɓalewa dacewa. In kuma tambayar kan sana'ar hannu ce, ki juya takardar naira 20, ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, matar da yumɓu ya kai sunanta ƙasashen waje har hotonta ya hau kuɗin ƙasa. Jimla biyu sun ishe ki a kanta.

Yanzu shawarar ƙawarki. Mai yiwuwa mai duba takarda ba zai ajiye biro ya shiga intanet don ya bincika kashi 75 ɗinki ba, wannan ta faɗi gaskiya. Duk da haka amsata a'a ce. Jingina wa Majalisar Ɗinkin Duniya ko Hukumar Lafiya ta Duniya maganar da ba su yi ba ƙarya ce, ko a takardar jarrabawa aka yi ta. Ke kuma aikin jinya kike nema, aikin da za a miƙa miki takardar majiyyaci ki rubuta zafin jikinsa da awon jininsa, likita ya zo ya rubuta magani bisa abin da hannunki ya rubuta. Ba na so hannun nan ya saba cike gurbi da lambar da ta faɗo masa. Ko ta fuskar maki ma, ƙirƙirarren adadi ba ya kai ki ko'ina. Layi ɗaya yake ci, ya bar ki ba abin cewa a gaba, tunda ba ki san daga ina ya fito ba balle ki yi bayaninsa. Yarinyar da ta makara saboda ɗiban ruwa kuwa za ta ba ki jimla uku ko huɗu, kowace na jawo 'yar'uwarta. Ƙa'idar da za ki riƙe ita ce, adadin da kika tabbatar ki rubuta, wanda kike shakka ki bar shi. Kin san ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, ki rubuta shekarar, ki ɗora da abin da kika gani ya faru da kuɗin Keke Napep daga unguwarku zuwa babbar kasuwa. In shekarar wani abu ta shige miki, ki ce 'yan shekarun baya. Ba a rage maki a kan haka.

Kada ki haɗa wannan da tambayoyin da su da kansu suke neman ƙirƙira. In an ce ki rubuta labarin da ke fassara wata karin magana, ki ƙago mutanenki da garinki yadda kike so, abin da aka nema ke nan. In an ce ki ɗauka ke ce shugabar ɗalibai za ki yi jawabi, ko ki rubuta wa wani kawunki da ke wata ƙasa, kowa ya san kawun na takarda ne. Abin da na hana shi ne sanya wa ƙarya rigar bincike.

Batun Addarki kuma, na gode da kika tsaya kika tambaya kafin ki rubuta. Ki yi amfani da abin da labarinta ya koya miki, ki bar sunanta da na gidanku a gida. Wata yarinya da na sani, ya wadatar, kuma ba ƙarya kika yi ba. Ki tsamo abu ɗaya kawai da ya shafi hujjarki: darasin da ta fi iyawa kafin a cire ta, ko abin da yau take neman wani ya yi mata wanda da ta ci gaba da karatu da kanta za ta yi. Ki dubi musabbabin, ko kuɗi ne, ko nisan makaranta, ko tsoron iyaye, ba tare da kin mai da takardar wurin ɗora wa mahaifanku laifi ba. Amma ki fara gwada rubuta shi a gida. Labarin da ke kusa da zuciya yana da halin kumbura, ki fara da niyyar jimla uku ki farga kin cika shafi, tambayar tana can an bar ta a baya. In kin ga duk sanda kika taɓa shi ranki na ɓaci ko hawaye na zuwa, ki ajiye shi, ki nemi wani. Minti 50 ba su da wurin wannan nauyin, kuma ba ki ci amanarta ba don kin bar shi.

Ki yi nesa da misalin da sai mai karatu yana jam'iyyarku ko ƙabilarku zai karɓe shi, da rikicin da har yau ba a daina jayayya kan wa ya fara ba. Aya da hadisi kuma, fassara su da ka zuwa Turanci cikin gaggawa na iya karkatar da ma'ana, wannan kuwa nauyi ne da ya wuce na maki. Kin tashi a jihar da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, kin san yadda ake magana a gaban kowa. Haka za ki rubuta.

Game da yawa: tambayoyin nan sukan nemi dalilai aƙalla uku. Ki cire kamar kalma 100 na buɗewa da rufewa, saura 350, kowane dalili ya samu kusan 120. A ciki, misali kada ya wuce jimla uku zuwa huɗu. Jimlar farko ta faɗi hujja, ta biyu ta buɗe ta, misali ya shigo, ta ƙarshe ta ɗaure shi da tambayar. Wannan ta ƙarshen ita ɗalibai suka fi mantawa, su ajiye misali su tafi, suna zaton mai karatu zai haɗa da kansa. Misali ɗaya da aka yi wa bayani ya fi sunaye biyar da aka jera. Minti biyar na farko kuma kada ki fara rubutu. Ki bi tambayoyin biyar, ki ga wacce kike da abin faɗa uku a kanta, kowanne da abin da zai tsaya masa. Ita za ki ɗauka, ko da ba irin wadda kika fi so ba ce. Ɗalibai da yawa suna rugawa wasiƙa saboda sun iya rubuta adireshi, sai a tsakiyar shafi su tarar ba su da abin cewa.

Tanadi kuwa dole ne, kuma a nan malaminku yana da gaskiya: ba a shiga ɗakin jarrabawa hannu rabbana. Ki sami littafin rubutu guda. Ki bi tambayoyin shekarun baya, za ki ga batutuwan suna zagayowa ne: ilimi, lafiya, muhalli, rashin aikin yi, shaye-shaye, satar amsa, tsaro, tsadar rayuwa, wayar hannu. Kowanne ki ba shi shafinsa. A ƙarƙashinsa ki rubuta abu biyu da kika gani da idonki, da abu ɗaya da duk ƙasa ta sani wanda kika tabbatar da shekararsa, kamar rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda korona, ko yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, ko ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023. Ki rubuta kowanne da Turancinki a jimla uku, ki ba wanda ya fi ki ya gyara. Bayan kwana biyu ki rufe littafin ki sake rubuta shi da wasu kalmomin. In kin iya faɗarsa ta hanya biyu, ya zama naki, za ki iya juya shi duk inda tambaya ta fuskanta. A gefen kowanne ki rubuta abin da yake tabbatarwa, da abin da ba ya tabbatarwa, kamar yadda muka yi da kodin. WAEC ma tana saka rahotannin manyan masu duba takardunta a shafinta na intanet, inda suke bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kowace shekara. Ki roƙi Hamma ya buɗe miki a wayarsa ku karanta tare.

Ki kuma sani insha'i ba shi kaɗai ya jawo D7 ba, kuma ba shi kaɗai zai cire ta ba. A wannan takardar ta biyu akwai auna fahimta mai maki 20 da taƙaitawa mai maki 30, ga takardar zaɓi-ɗaya da ta furuci. Taƙaitawa musamman, a can aikin ya juye: cire misalai ake so, a bar gundarin magana. Wadda ta koyi bambanta hujja da misalinta a insha'i, ta rage wa kanta rabin wahalar can.

Kada ki bar lesin, kada kuma ki je ki ce wa Hamma malami bai iya ba. Hamma kuɗinsa ya sa, kuma abin da yake tsoro shi ne a sake faɗuwa, shi ya sa ya riƙe maganar malami. Malamin ma mai yiwuwa ya ga ɗalibai suna miƙa rabin shafi ne, ya nemo musu abin cikewa. Ki sake rubuta wasiƙar ruwan nan da misalan Pantami, a cikin minti 50, ba tare da kin duba komai ba. Ki haɗa ta da ta farkon mai Singafo, ki kai wa malam bayan an tashi, ba a gaban aji ba. Ki ce, Malam, don Allah a duba mini biyun nan da ma'aunin WAEC, a zagaye mini kowane kuskure, ina so in ga inda nake asarar maki. Ki ƙirga zagayen da ke kowace takarda, ki duba makin da ya ba kowacce, sannan ki kai wa Hamma su biyun ya gani. In kin samu hali ki aiko mini da ta biyun, da makin da aka ba ta, mu duba sakin layi na tsakiya tare.